Idan Likita Ya Ce Ciwo Ya Wuce Magani: Shawara Ga 'Yan Kasuwarmu

'Yan uwa masu karatu, musamman 'yan kasuwarmu da ke neman halali a Gallabat da Kurmuk, da masu kai-komo da kaya tsakanin Gadarif da Kasala. Yau za mu taɓo wata magana wadda ake kauce mata a gidajenmu na Hajj Abdalla da Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da gefen Nilul Azrak, alhali kuwa babu gidan da ba za ta shiga ba. Maganar ita ce, me ya kamata iyali su yi idan ciwon tsoho ko tsohuwa, ko na mata ko na ɗa, ya kai matsayin da likitoci suka ga cewa magani ba zai warkar da shi ba?

Mun nufo ku da wannan batu ne domin ku ne masu aiko da kuɗi. Da zarar an kwantar da wani a asibiti, wayar ɗan kasuwa ce ke fara ƙara. A ce an rubuta allura, ya tura ta Bankak. A ce za a sake hoto, ya tura. A ce wani ya ba da shawarar a tafi Alƙahira, ya shiga lissafin buhunan riɗin da zai karyar. Shi ne mai yanke hukunci tun da shi ke biya, amma sau da yawa bai taɓa jin muryar likitan da ke duba mahaifinsa ba. Labarin yana zuwa masa ne daga bakin ƙane ko ƙanwa, su ma kuma abin da suka tsinta a bakin ƙofar ɗakin likita ne.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ya zama wajibi mai ɗaukar nauyin jinya ya zauna da likita, ko ya kira shi a waya, ya tambaye shi ƙarara ko maganin da ake yi na warkarwa ne ko kuwa na jan lokaci. Idan amsar ta nuna cewa an wuce batun warkarwa, to mayar da hankali ga rage wa majinyaci raɗaɗi, da kai shi gida cikin iyalinsa bisa tsarin da likita ya shimfiɗa, jinya ce cikakkiya. Wanda ya yi haka bai yar da iyayensa ba, kuma bai yi rowa ba.

Kowa ya san yadda abin ke gudana a wurinmu. Likita zai ja babban ɗa gefe ya gaya masa cewa ciwon ya bazu. Ɗan ya fito ya share hawaye, ya ce wa 'yan uwa kada wanda ya kuskura ya gaya wa Baba. Daga nan sai a shiga yawo, daga wannan asibiti zuwa wancan, daga likita zuwa mai maganin gargajiya, ana sayar da awaki, ana jinginar da hawasha, ana taɓa jari. Majinyacin yana kwance a bayan mota kan hanya mai ramuka, yana cije haƙori don kada ya karya wa 'ya'yansa zuciya, su kuma suna yi masa murmushi don kada su karya tasa. Ƙarshenta Allah Ya karɓi abinsa a wani gari da bai san kowa ba, bai bar wasiyya ba, bai faɗi bashin da ake bin sa ba, bai yi sallama da 'yan uwansa ba. Iyali kuma su dawo gida da rashi biyu, na mutum da na abin hannu.

Likitoci suna da wani fanni na musamman domin irin wannan hali. A asibitocin Sudan ana kiran sa ri'aya talɗifiyya, wato jinyar sassauci. Aikinsa shi ne magance zafin ciwo, da amai, da sarƙewar numfashi, da rashin barci, da fargaba, tare da tallafa wa masu jinya. A ƙasashen Turawa akwai gidaje na musamman da ake kira hospis, inda ake kula da waɗanda kwanansu ya ƙarato. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ce ta buɗe na farko irin na zamani a birnin Landan a 1967. A nahiyarmu kuwa, Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, inda ta shigo da hanyar haɗa ruwan maganin mofin mai araha wanda majinyaci zai riƙa sha a gidansa. A 2004 Yuganda ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta wannan magani, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Darasin Yuganda shi ne, ba sai an gina wani katafaren gida ba. Ɗakin majinyaci da angarib ɗinsa sun isa, muddin akwai magani da mai sa ido.

Kada wani ya ɗauka baƙon abu ne a ƙasar nan. A 2010 Dakta Nahla Ja'afar, likitar ciwon daji, ta fara wannan aiki a asibitin Zarra na Khartum, wanda ya fara karɓar masu ciwon daji a 1967. Daga baya Asibitin Soba ya bi sahu, haka ma Cibiyar Ciwon Daji ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda ta fara karɓar majinyata a 1999, kuma ita ce mafi kusa da mu. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi kowace ƙasa ta sanya jinyar sassauci cikin tsarin lafiyarta. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa a kowace shekara, amma kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samun ta.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙara dagula al'amarin. Da Khartum ta rikice, masu ciwon daji suka kwararo Madani. A watan Disamba na wannan shekara dakarun Da'am Sari' suka kama Madani, majinyata suka watse zuwa Gadarif da Kasala da Port Sudan da Marawi, masu hali suka nufi Masar, wadda tun watan Yunin 2023 ta ɗora wa kowane ɗan Sudan sharaɗin biza, har mata da yara da tsofaffi. Sojoji sun karɓo Hajj Abdalla da Madani a watan Janairun 2025, amma watannin da aka yi babu magani ba su dawowa. Wanda aka katse wa allurar kimawi, da wanda ƙari ya yi ta girma a jikinsa babu mai dubawa, da yawa sun koma hannun likita bayan ciwon ya yi nisa. Shi ya sa wannan magana ta fi kowane lokaci muhimmanci a gare mu. Kuma ba ciwon daji kaɗai ta shafa ba. Akwai masu ciwon hanta da tsargiyar ruwan magudanan Jazira ta lalata, da masu ciwon zuciya da ya tsananta, da tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

To, yaya ake zama da likita? Da farko a nemi lokaci na musamman, kada a tare shi a hanya yana sauri. A je mutum biyu ko uku, kuma lallai a haɗa da macen da ke kwana da majinyacin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta san ƙarfe nawa ciwon ke tashi, da abin da ciki ke karɓa da wanda yake mayarwa. Idan mai biyan kuɗi yana bakin iyaka, a kira shi a buɗe murya ya ji da kunnensa. Idan Larabcin wasu bai kai ba, musamman tsofaffinmu mata, a sami mai fassara da ba zai rage magana ba.

Tambaya ta farko ita ce sunan ciwon da inda ya kai a jiki. Ta biyu, wannan magani da ake yi, ana fatan ya warkar ne, ko ya ƙara kwanaki, ko ya rage zafi kawai? Ta uku, idan aka ci gaba da shi wace wahala majinyaci zai sha, idan kuma aka dakatar me zai biyo baya? Ta huɗu, wadda ta fi shafar aljihun ɗan kasuwa, shin akwai abin da za a yi masa a Alƙahira ko wani wuri da zai canza sakamako, kuma jikinsa zai ɗauki tafiyar? Ta biyar, idan muka kai shi gida, wane magani za mu tafi da shi, ina za mu sake samu idan ya ƙare, wa za mu kira da tsakar dare, kuma wace alama ce idan muka gani za mu dawo asibiti? A rubuta amsoshin a takarda, yadda muke rubuta bashi a littafin shago. Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya soka masa ƙarfe ya ga abin da ke ciki, bai kamata ya zuba jarinsa a jinyar da bai tambayi makomarta ba.

Idan amsar likita ba ta kwanta muku ba, ku ɗauki takardun gwaji da hotuna ku nuna wa wani ƙwararren. Yanzu ana iya tura su ta WhatsApp kafin a ɗaga majinyaci daga gadonsa. Likitan kirki ba ya fushi don an nemi ra'ayi na biyu. Sai dai idan ƙwararru biyu ko uku sun faɗi magana ɗaya, to neman na goma wahalar da mara lafiya ne, zafin nema kuwa ba ya kawo samu.

Sai batu mafi nauyi, wato sanar da shi majinyacin. Mun san dalilin ɓoyewa, ƙauna ce da tsoron kada ya karaya. Amma jiki magayi ne. Dattijon da ya ga ƙibarsa ta zube, ya ga ana raɗa idan an fita daga ɗakinsa, ya riga ya gane. Abin da ɓoyewar ke jawowa shi ne ya ɗauki nauyin shi kaɗai. Ba muna cewa a faɗo masa da labari kamar saukar aradu ba. A tambaye shi a hankali, Baba, me kake so ka sani game da abin da likita ya gani? Wani zai ce ku gaya mini komai. Wani zai ce ku yi magana da yayanku, ni na bar wa Allah. Kowanne an ba shi haƙƙinsa. Mutumin da ya shekara arba'in yana saye da sayarwa yana da ajiyar mutane a hannunsa, yana da bashi, yana da wanda ya ɓata wa da wanda yake son gani. Hana shi damar warware waɗannan ba tausayi ba ne.

Akwai kuma tsoron mofin. Da an ambace shi sai mutane su tuna da matasan da ƙwayar tiramadol ta lalata, ko su ce allurar ƙarasawa ce. Likitocin wannan fanni sun daɗe da bayyana cewa mofin da aka auna daidai da zafin ciwo, aka fara da kaɗan ana ƙarawa bisa umarninsu, ba ya gaggauta ajali. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku na maganin zafin ciwon daji, daga irin su farasitamol har zuwa mofin. Ƙa'idarsa ita ce a sha ta baki, kuma a sha bisa agogo, kada a jira sai ciwon ya taso. Yana sa taurin bayan gida, don haka ake haɗa shi da maganin sassauta ciki, yakan kuma sa gyangyaɗi a kwanakin farko. A kulle shi inda yara da matasa ba za su kai ba, kada a ba wani, kada kuma a saye shi a kasuwar bayan fage. Majinyacin da aka rage wa zafi yakan iya yin sallarsa, ya ci ɗan abinci, ya yi hira da jikokinsa. Wani bincike da aka buga a 2010, wanda aka yi a birnin Boston na Amurka a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu, ya nuna cewa waɗanda aka haɗa wa jinyar sassauci da maganinsu tun da wuri sun fi samun natsuwa, kuma tsaka-tsakin rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9.

Kai majinyaci gida aiki ne, kuma sai an shirya masa. Wanda ba ya iya motsi sai an riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, don kada bayansa da ɗuwawunsa su yi gyambo. A riƙa jiƙa masa baki da ruwa, a tsaftace shimfiɗa. Idan ya fara ƙin abinci kada a yi masa ɗura, domin a ƙarshen ciwo jiki da kansa ke rage buƙata, ɗura kuma na iya sarƙe shi. A ƙulla zumunci da musa'id ɗibbi ko sista ta cibiyar lafiya mafi kusa, a haɗa su da likitan a waya. Sannan mu maza mu ji tsoron Allah game da matanmu. Kusan kullum mace ɗaya ake bar wa wanki da kwana zaune, wata da watanni, har ita ma ta kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke yin nafir a gona, da yadda unguwanni suka riƙe takaya suna ciyar da jama'a a tsakiyar yaƙi, haka ya kamata a raba kwanakin jinya tsakanin dangi da maƙwabta. Kuɗin da za a ƙone a tafiyar da ba ta da amfani, kaɗan daga cikinsa ya isa katifa mai laushi, da magani, da madara, da ɗan hasafi ga mai jinya, da kuɗin motar ɗan da ke nesa ya zo ya ga mahaifinsa da rai.

Mun san masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu abar saurare ce. Na farko za su ce yanke ƙauna ne daga rahamar Allah, likita kuma ba shi ke da rai ba. Gaskiya ne ba shi ke da rai ba, kuma babu likitan da ya san ranar kowa. Amma addu'a ba ta tsayawa don an bar asibiti. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa gwargwadon hali, wani lokaci wajibi, wani lokaci mustahabbi, wani lokaci halal kawai, ta kuma jaddada cewa wanda likitoci suka ga ba zai tashi ba dole a ci gaba da kula da shi, da rage masa raɗaɗi, da ƙarfafa masa zuciya. Abin da addini ya hana shi ne a yi wani abu da nufin kashe majinyaci, jinyar sassauci kuwa ba ta da alaƙa da wannan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tafi da malamin unguwa wurin likita, su ji daga juna.

Na biyu su ne masu tsoron bakin mutane, kada a ce wane yana da shago a Gallabat amma ya dawo da uwarsa gida ta mutu. Masu wannan magana ba su za su biya bashin ba, ba kuma su ke jin zafin da tsohuwar ke ji a bayan mota ba. A tambayi ita mai jikin inda take son ta kasance. Da yawa daga cikin tsofaffinmu babu abin da suke roƙo illa a mayar da su ɗakinsu, su ji kiran sallar masallacin da suka saba, a binne su kusa da nasu.

Na uku, kuma su ne muka fi jin nauyin maganarsu, masu cewa talaka za a riƙa sallama da sunan sassauci alhali ciwonsa mai warkewa ne. Wannan haɗari ne na gaske. Ciwon dajin nono da aka gano da wuri ana warkewa daga gare shi, haka wasu cututtukan daji na yara. Mai ciwon ƙoda da wankin jini ke riƙe da shi yana iya shekaru yana harkokinsa. Saboda haka ne muka dage cewa hukuncin ya fito daga bakin ƙwararren likita bayan gwaji, kada ya fito daga gajiyar dangi ko ƙarancin kuɗi. Idan likita ya ce akwai fatan warkewa, to nan ne wurin sayar da riɗi da taɓa jari, kuma a yi da gaggawa. Wadda ta ji ƙullutu a nono, ko wanda ya ga jini ko rama marar dalili, kada ya zauna sai abin ya yi nisa.

Daga nan kiranmu ya koma kan hukuma. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jazira da ta Sinnar, a duk shirin da suke yi na farfaɗo da asibitoci, su tuna da masu fama da zafin ciwo a ƙauyuka. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci kashi 1 cikin 100 kawai suke samu na irin waɗannan magunguna masu ƙarfi, alhali mofin na sha yana cikin magunguna masu araha. A kai shi asibitocin karkara bisa tsaro, a horar da masu jinya da musa'idai yadda Yuganda ta yi, don kada mutumin Hajj Abdalla ya ɗauko mai nishi zuwa Madani saboda kwalba ɗaya. Likitocinmu kuma, duk da mun san yawan aikin da ke kansu, muna roƙonsu su riƙa faɗa wa iyali gaskiya da harshen da za su gane. Cewa ku kai shi gida ku yi masa addu'a, ba tare da magani ko lambar waya ba, bai wadatar ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu ma suna iya ware wani abu daga sandukinsu domin masu doguwar jinya.

Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo hanyar hajji suka yada zango a nan, sun bar mana gadon riƙon juna a baƙon wuri. Riƙon mara lafiya har ƙarshensa, cikin mutunci da sauƙin raɗaɗi, yana cikin wannan gado. Don haka, ya kai ɗan uwa, idan waya ta sake zuwa ana neman kuɗin jinya, ka tura, amma ka ce a haɗa ka da likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.